Yadda Ake Kai Rabon Gado Kotu Ba Tare da Lauya Ba

Ranar da aka yi addu'ar bakwai ta mahaifinmu, baffanmu ya ja ni gefe ya danƙa mini makullin ɗakinsa, ya ce, "Kai ne babba, sai ka san yadda za ka yi da ƙannenka." Daga wannan rana zuwa yau na tsaya a kan rabon gado sau da dama: na mahaifinmu, na gwaggonmu, na surukina, da na maƙwabta da suka ga na taɓa yi suka ce in raka su. Ko sau ɗaya ba mu ɗauki lauya ba. Kotun Shari'ar Musulunci wuri ne da mutum zai tsaya ya yi magana da bakinsa, da Hausarsa, alƙali ya saurare shi. Abin da take nema a wurinka shi ne takardu a kimtse, shaidu a shirye, da hannun da bai taɓa dukiyar ba.

Mutane da yawa suna jin nauyin kotu, suna ganin kai gado gaban alƙali tonon asirin gida ne. Ni a wurina rufin asiri ne. Rabon da aka yi a zaure da baki kawai, bayan shekara goma sai ka ji jikan wani ya taso ya ce an cinye haƙƙin uwarsa, lokacin shaidun duk sun kwanta dama. Rabon da aka yi a kotu kuwa yana nan a rubuce da hatimi. Sannan idan akwai kuɗi a banki ko fansho, dole ma sai an je, domin ba za su saki ko sisi ba sai da takardar kotu.

Bayanina ya shafi mamaci Musulmi a Arewacin Nijeriya. Idan rigimar da wani bare ce a kan mallakar fili, ko kamfani ne mai masu hannun jari, wannan wata shari'a ce daban, a nemi lauya.

Abubuwan da za ka tanada

- Dogon littafi mai bango mai kauri irin na 'yan kasuwa, da biro, da jakar leda ta ajiye takardu. Wannan littafin shi ne lauyanka.
- Takardar shaidar mutuwa.
- Katin shaidar mamaci, lambarsa ta NIN da ta BVN, da hotunansa ƙanana.
- Katin shaidar kowane magaji baligi, da takardar haihuwar yara ƙanana.
- Takardun kadarori: na gida, fili, gona, mota, shago, da takardun ciniki ko da na hannu ne.
- Shaidu biyu maza, dattawa, waɗanda suka san gidan ciki da bai, kuma ba su da rabo a gadon.
- Wayar mamaci da layinsa.
- Ɗan kuɗin zirga-zirga da na kwafin takardu.

Kowace takarda ka yi mata kwafi uku. Ta asali ka riƙe ta a hannunka, ka nuna idan an tambaya, ka koma da abarka gida.

1. Kulle dukiya tun ranar farko

Da zarar rai ya fita, dukiyar ta tashi daga hannun mamaci, ta zama ta masu bin sa bashi da magadansa. Babu wanda ke da ikon taɓa ta, har kai da aka ba makulli. Ka kira mutum biyu daga ɗakuna daban-daban, idan gidan mai mata fiye da ɗaya ne, ku kulle ɗakinsa da shagonsa tare, kowa ya gani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cire kuɗi da katin ATM ɗinsa ko ta wayarsa, da sunan hidimar masu zaman makoki. Kada ka yi. Banki yana da ranar kowane cire kuɗi, kotu kuma za ta ga an taɓa asusun bayan ranar rasuwa. A nan amana take zubewa, kuma ba ta dawowa da sauƙi. Abin da Shari'a ta yarda a cira tun farko shi ne kuɗin likkafani, wanka da haƙar kabari, daidai gwargwado. Abincin sadakar uku, bakwai da arba'in ba ya cikin wannan. Wanda yake son yi ya yi daga aljihunsa, musamman idan akwai marayu a cikin magada, domin yaro ƙarami ba ya iya yafe haƙƙinsa.

Layin wayarsa kuwa ka riƙa sa masa kati kada ya mutu. Ta nan saƙon banki ke shigowa, ta nan masu bin sa bashi da waɗanda yake bi za su kira. A gadon surukina, saƙon da ya shigo ƙarshen wata ne ya nuna mana wani asusu da ko matarsa ba ta san da shi ba.

2. Takardar shaidar mutuwa

Idan a asibiti ya rasu, karɓi takardar likita, ka kai ta ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukumarku, su ba ka shaidar mutuwa ta hukuma. Idan a gida ya rasu, kamar yawancin mutanenmu da ake binnewa cikin 'yan sa'o'i, ka karɓi wasiƙar mai unguwa ko dagaci, ka yi takardar rantsuwa a kotu mai ɗauke da rana da wurin rasuwa, sannan ka kai wa hukumar.

Kafin ka bar wurin, ka duba yadda aka rubuta sunan, harafi bayan harafi. Mutumin da gari ya sani da Alhaji Mamman, a banki Mohammed ne, a katin ɗan ƙasa Muhammad, a takardar fili kuma an ƙara sunan garinsu. Wannan ɗan bambancin yana iya tsayar da kai wata guda. Ka sa a rubuta yadda yake a banki da wurin aikinsa. Inda sunayen suka riga suka saɓa, ka yi takardar rantsuwa ɗaya da ke cewa duk na mutum ɗaya ne.

3. Rubuta magada, kada ka tace kowa

Buɗe shafin farko na littafinka ka rubuta duk wanda yake raye a lokacin da mamacin ya cika: mata ko miji, 'ya'ya maza da mata, uwa, uba, kakanni, 'yan'uwa shaƙiƙai, 'yan uba da 'yan uwa ɗaya, jikoki. Ba aikinka ba ne ka ce wane ba ya gado. Kai dai kawo suna, alƙali ne zai tace.

Ga wuraren da ake mantuwa ko ake kau da kai. Ɗan da ya haifa da matar da suka rabu tuntuni, yana wani gari, magaji ne cikakke. Matar da ya saka saki ɗaya ko biyu, bai kai ga ta gama idda ba ya rasu, tana gado. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, wadda ya saka yana cikin ciwon ajali ma tana gado ko da iddarta ta ƙare. Idan ɗaya daga cikin matan tana da ciki, a faɗa wa alƙali, domin a Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu. Wanda ya yi tafiya aka daina jin ɗuriyarsa, a rubuta shi, za a ajiye masa rabonsa. Wanda kuma ya rasu bayan mamacin amma kafin a raba, rabonsa yana nan, zai gangara ga nasa magadan. Malamai suna kiran wannan munasaha, kuma ita ce ke mayar da gadon mutum takwas ya koma na mutum arba'in idan aka bar shi ya shekara ashirin. Saboda haka nake cewa a yi rabo da wuri. Ba a jiran mata su fita takaba, wata huɗu da kwana goma, kafin a fara tattara takardu.

Jikokin da mahaifinsu ya riga kakansu rasuwa ba sa gado idan akwai ɗa namiji a raye. Wannan yana yi wa mutane ciwo, ni ma ya taɓa yi mini. Abin da muka yi a gidanmu, bayan kowa ya karɓi nasa, manyan suka haɗa wani abu daga rabonsu suka ba su kyauta. Bayan rabo ake yin wannan, da yardar kowa, daga kason baligai kaɗai.

4. Lissafa abin da ya bari

Ku buɗe ɗakin a gaban waɗanda aka kulle shi da su. Ɗaya yana ɗagawa yana faɗa, kai kana rubutawa, har riguna, hula, agogo, darduma da littattafai. Abin da ake raina shi ne yake haddasa gaba. Na ga 'yan'uwa da suka raba gidaje lafiya, suka ɓata a kan alkyabba ɗaya da babban wa ya ɗauka bai faɗa ba.

Daga nan ka bi na waje: gidaje da kuɗin hayarsu, filaye, gonaki da amfanin da ke cikinsu, dabbobin da aka ba makiyaya kiwo, kayan shago, motoci da babura, kuɗin adashi, kuɗin ƙungiyar ma'aikata ta taimakon juna, kuɗin kujerar Hajji idan ya ajiye a hukumar alhazai, hannun jari, asusun banki har da irin su OPay da Moniepoint, da bashin da yake bin mutane. Kowane ɗaya ka rubuta inda yake, wa ke riƙe da shi, da takardar da ke nuna nasa ne.

Ka ware abin da ba nasa ba. Kayan ɗakin mace nata ne. Ajiyar mutane ta masu ita ce. Idan yana kasuwanci da jarin wani, a fitar wa mai jari nasa.

Maganar kyauta ce ta fi wuya. Wani ɗa zai ce, "Baba ya ba ni filin nan tun yana da rai." A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Shi ake kira hauzi. Idan ya kewaye filin, ko ya yi gini, ko yana nomawa kowa na gani, yana da hujja. Idan magana ce kawai, filin yana hannun uban har ya rasu, to ya koma gado. Kada ka yi gardama da shi a gida. Rubuta filin a jerin, ka sa alama a gefensa cewa wane yana da'awar kyauta, ka bar wa alƙali.

5. Bashi da wasiyya

Tsarin fitarwa a jere yake. Farko abin da ke rataye a wuyan wata kadara, kamar gonar da ke jingina. Sai hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12, suna maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi.

Sanarwar da ake yi a wurin jana'iza ba ta isa ba. Ka sake sa liman ya faɗa a masallacin unguwa, a faɗa a kasuwar da yake zama. Duk wanda ya zo ka rubuta sunansa, adadin, da hujjarsa, amma kada ka biya shi da hannunka. Da'awa a kan mamaci tana da tsauri, domin wanda zai musa ba ya nan. Mai da'awa zai kawo shaidu ko rubutu, sannan alƙali ya ƙara masa da rantsuwa cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba. Mai gaskiya ba ya gudun wannan. Ragowar sadakin da bai cika wa matarsa ba bashi ne, ana biyan ta shi daban kafin tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas da mata ke gada idan akwai 'ya'ya. Mata da yawa kunya take hana su faɗa, don haka ka aika wata babba ta tambaye su a keɓe.

Wasiyya ba ta wuce sulusin abin da ya rage bayan bashi, kuma ba a yin ta ga magaji sai idan sauran magada sun amince.

6. Shigar da buƙata

A jihohi irin su Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Sakkwato, Kotun Shari'a za ka je. A Abuja, Filato da Adamawa, kotun yanki ce ke wannan aiki, wadda ake kira kotun eriya. Ka fara da wadda ke yankin da mamacin ya zauna ko inda kadarorin suke. Idan dukiyar mai yawa ce ko akwai kuɗin banki, gara ka nufi Babbar Kotun Shari'a kai tsaye. Rajistara zai gaya maka idan abin ya fi ƙarfin kotunsu.

Ka je da sassafe, da ɗaya ko biyu daga cikin magada. Ka ce wa rajistara, "Mun zo neman a raba mana gadon mahaifinmu." Zai karɓi sunan mamaci, sunayen magada da adireshinsu, da jerin dukiya. Za a rubuta ɗayanku a matsayin mai ƙara, sauran a matsayin waɗanda ake ƙara, a aika musu sammaci. Ka riga sammacin isa gida. Ka zauna da iyayenku mata da ƙannenka ka bayyana musu cewa haka tsarin rubutun yake, ba wanda ya kai wani ƙara. Na ga tsohuwa ta kwana tana kuka don masinjan kotu ya kawo mata takarda ba wanda ya shirya mata zuciya.

Akwai kuɗin shigarwa, akwai kuma kason da hukuma ke karɓa a kan dukiyar, wanda har yau mutane ke kira ushira, sunan da ya samo asali daga kashi ɗaya cikin goma da ake karɓa a zamanin da. Adadinsa ya danganta da jiha. Ka tambaya tun ranar farko, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasit na gwamnati ka manna a littafinka. A wata kotu an taɓa ce mini in kawo kuɗin mota na masu zuwa duba gida, ba rasit. Na ce to, zan kawo motar da kaina. Haka aka yi, magana ta mutu.

7. Ranar zama

Kowa ya zo da katin shaidarsa, shaidunku biyu su zo. Wanda yake nesa ko ba shi da lafiya ya naɗa wakili a rubuce da shaidu. Mata kuwa, ina roƙon a bar su su zo da kansu, ko aƙalla su faɗi wakilinsu da bakinsu. Sau da yawa wa ne ke tsayawa ya ce ƙannensa mata sun yafe ko sun yarda, alhali ba wanda ya tambaye su. Ke da kike karanta wannan, kina da ikon tsayawa gaban alƙali ki ce ba ki yarda ba, kuma za a rubuta.

Alƙali zai tambaya yaushe ya rasu, su wa ya bari, me ya bari, akwai bashi, akwai wasiyya. Ka amsa daga littafinka, a taƙaice, ka ce "Allah gafarta Malam" ka faɗi abin da ka sani, ka tsaya. Zai juya ga sauran ɗaya bayan ɗaya ya ji ko haka ne. Shaidu za su tabbatar da rasuwar, su ce ba su san masa wani magaji ba bayan waɗannan. Idan akwai da'awar kyauta ko bashi, sai an gama da ita kafin a ci gaba. Kafin ya yanke hukunci zai tambayi kowa ko yana da sauran magana ko hujja. Wannan shi ne i'izari, kuma ba tambayar al'ada ba ce. Duk abin da ke ranka ka faɗe shi a nan.

Bayan kowane zama ka rubuta ranar da aka ɗaga zuwa, da abin da aka ce a kawo.

8. Ƙima da rabo

Kotu za ta tura ma'aikatanta da masana, galibi dillalan gidaje da magina, su je su ga kadarorin su yi musu kuɗi. Ka sanar da dukkan magada ranar, kowa ya tsaya a kan idonsa. Gona a kira dagaci da maƙwabtan iyaka. Idan aka karanta ƙimar a kotu kana ganin an karya ta ko an kumbura ta, ka ce ba ka yarda ba tun a lokacin, ka nemi a sake da wasu masanan. Hattara da dillalin da ya yi wa gida kuɗi da arha, washegari ya kawo mai saye.

Ga misali don ka ga yadda lissafin ke tafiya. Mutum ya bar gida na naira 14,000,000, gona ta 3,500,000, kuɗin banki 1,200,000, mota da kaya 1,300,000. Jimla 20,000,000. Jana'iza da bashi sun ci 2,000,000. Ya yi wasiyyar 1,200,000 ga masallaci, ba ta kai sulusi ba, don haka an zartar da ita. Saura 16,800,000. Ya bar mahaifiya, mata biyu, 'ya'ya maza biyu da mata uku. Mahaifiya tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, 2,800,000. Matan biyu suna tarayya a tumuni, 2,100,000, kowacce 1,050,000. Ragowar 11,900,000 na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu, wato kashi bakwai: kowace 'ya 1,700,000, kowane ɗa 3,400,000. 'Yan'uwan mamacin ba su da komai, ɗa namiji ya tare su.

Ka lura, a misalin nan babu wanda rabonsa ya kai kuɗin gidan. Haka abin yake a yawancin gidaje, kuma nan ne haƙuri ke aiki. Hanya uku ce. Idan gidan zai yanku ba tare da ya lalace ba, a yanka shi, a fitar da hanya da makwararar ruwa a rubuce. Ko wasu magada su haɗa rabonsu su riƙe gidan, su biya sauran kuɗinsu cikin wa'adin da kotu ta rubuta. Ko a sayar a raba kuɗi. Ni na fi son ta biyu idan akwai tsohuwa ko yara a gidan, 'yan ɗaki ɗaya su haɗa kasonsu da na mahaifiyarsu a wuri guda. Idan kaso biyu sun yi daidai kuma kowa na son ɗaya, a jefa ƙuri'a. Wanda kuma yake son sayar da kasonsa tun gidan bai rabu ba, abokan tarayyarsa sun fi bare cancantar saye, haƙƙin da ake kira shufa'a.

9. Banki, fansho da hannun jari

Wannan sashen ya fi kowanne cin takalmi, don haka ka fara shi tare da mataki na shida. Ka kai wa kowane banki wasiƙar sanar da rasuwa da kwafin shaidar mutuwa, su rufe asusun. A nan take ka tambayi manaja wace takarda suke karɓa. Wasu suna aiki da umarnin Babbar Kotun Shari'a: kotu ta rubuta musu su faɗi abin da ke ciki, sannan ta umarce su su biya. Wasu kuwa sai takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotun Jiha, wadda za ka ji suna kira leta of adiministireshan. Masu rajistar hannun jari galibi ita suke nema.

Ita ma ana samun ta ba lauya. Ka je sashen gado na Babbar Kotun Jiha da wasiƙar neman izini, su ba ka fom-fom: na jerin dukiya, na rantsuwa, na alkawarin riƙon amana, na masu tsaya maka mutum biyu, da wanda za ka kai banki su cike adadin kuɗin. Ana naɗa mutum biyu zuwa huɗu, kuma ina ba da shawara a ɗauko daga ɗakuna daban-daban. Za a buga sanarwa a jarida, a jira galibi kwana 21 ko wani zai yi ƙorafi, a biya kason hukuma, sannan takarda ta fito. Ka tabbata kowane asusu da lambarsa yana cikin jerin, domin abin da ba a rubuta ba banki ba zai sake shi ba. Idan akwai kadara a wata jiha, sai an kai takardar Babbar Kotun can ta sake buga mata hatimi.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ko na kamfani, kuɗin fanshonsa yana wurin kamfanin fansho, ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014. A jihohin Arewa sukan karɓi umarnin kotu mai hatimi a madadin waccan takardar izini, amma ka karɓi jerin buƙatunsu a rubuce. Dokar ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa ba su san da wannan ba, ka tambaya a wurin aikinsa idan yana bakin aiki ya rasu. Ma'aikacin jiha kuwa a tuntuɓi hukumar fansho ta jihar. Duk abin da ya fito ka gabatar wa alƙali.

Wanda mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba shi ne mai kuɗin ba. Shi ne dai wanda za a nema idan wani abu ya faru. Haka waɗanda sunansu ke kan takardar izini, 'yan aike ne, su karɓo su kawo a raba.

10. Takardun ƙarshe da rabon marayu

Hukunci da baki bai gama aiki ba. Ka nemi kwafin shari'ar gaba ɗaya mai hatimi, kuma duk wanda ya sami gida, fili ko gona ya karɓi takardar mallaka ta kotu da sunansa, mai bayyana iyakoki gabas da yamma, kudu da arewa. Ka karanta ta kafin ka fita. Idan filin yana da satifiket na gwamnati, a kai takardar kotun ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a mayar da shi sunan sabon mai shi. Mota ma a canja mata takardu.

Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumin gado da wasiyya da kyauta na Musulmi. Wa'adin gajere ne, kada ya bari kwana 30 su wuce.

Rabon yara ƙanana alƙali ne zai naɗa mai riƙe shi. Kada baffa ko wa ya ɗauka don kawai shi ne babba. Idan kai aka naɗa, ka buɗe asusu daban da sunan yaron, ko a saya masa fili da sunansa, kada kuɗinsa ya kwana a cikin jarinka ko da dare ɗaya. Ka ware masa shafi a littafin: kuɗin makaranta, magani, ɗinkin salla, kowanne da rana da rasit. Ƙaramin ƙanenmu yana da shekara shida aka raba gadonmu. Da ya kai ashirin, hankalinsa ya zauna, na kira baffanmu da limamin unguwa kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta ce a kafa shaida, na ajiye masa takardar filinsa da littafin a gabansa. Ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu a na ƙarshe, shaidun suka sa nasu a ƙasa.